Ruwan da Bai Iso Ƙasa Ba

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Ni dai da sauƙi. Gwiwar tana nan yadda kika san ta, kunnen hagu kuwa ya gama tafiya, saboda haka ki daina kirana a waya kina ɗaga murya kamar ana gobara. Zan riƙa rubutawa, Tela maƙwabcina ya ɗauki hoton takardar da wayarsa ya tura miki, amsarki kuma ya bugo mini ita a shagon buga takardu. Sai ya karanta kafin ya kawo, na sani. Ki rubuta da sanin haka.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Raina a ɓace yake, kuma wurin aikinki ne ya ɓata shi.

Manoman bayan gari sun shuka masara a ruwan farko. Ta fito, ta kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Yau kwana ashirin da uku ko ɗigo babu, shukar ta ƙone ƙurmus, kuma irin da suka ajiye ke nan. Hukumarku ta ƙasashe ta gina sito kusa da tashar mota, ta cika shi da iri mai saurin nuna domin rana irin wannan. Ƙa'idar tana manne a ƙofar: idan aka yi kwana ashirin da ɗaya a jere babu ruwa bayan shuka, a buɗe a raba. Ranar da kwanakin suka cika, mutane suka tafi da buhunansu. Mai sito ya juyo musu da fuskar kwamfuta, ya ce a rana ta goma sha huɗu an yi ruwa milimita shida, don haka ƙidaya ta koma farko. Suka ce wa ya ga ruwan? Ya ce tauraron ɗan'adam.

Auta, ina zaune a tsakar gida a ranar. Hadari ya taso daga gabas da yamma, baƙi ƙirin, da tsawa, da iskar da ta kwashe wa Tela yadin mutane daga kan igiya. Na ga ruwan da idona yana rataye a ƙarƙashin girgije kamar zaren tsohon labule, amma bai iso ƙasa ba, zafi ya shanye shi a hanya. Washegari da ƙarfe bakwai na buɗe ma'aunin ruwan sama. Kwalbar a bushe take. Akwai saƙar gizo-gizo a bakin mazurarin, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Shekara arba'in da huɗu ke nan ina auna ruwan garin nan a tsakar gidan nan, ashirin da tara da albashi, sauran don ba wanda ya ce in daina. Ban taɓa tsallake safiya ba, har safiyar da aka fita da mahaifiyarki sai da na duba. Kowane ƙarshen wata ina cike kati in kai gidan waya. Yanzu wani ƙarfe da ke yawo a sama, wanda bai taɓa jiƙewa ba, shi ne zai ce ƙarya nake yi.

Shugaban manoma ya zo jiya, ya ƙi ko zama. Ya ce, “Mai Awo, kai ne mai littafi, kuma 'yarka tana can cikinsu. Saura kwana ashirin. Idan suka wuce, ko mai saurin nunan aka shuka ba zai kai ba.” Na ce masa ba ke kike riƙe da makulli ba. Ya ce, “Ai ta san ƙofar mai makullin. Mu ko ginin ba mu san a wace ƙasa yake ba.”

Ga hoton shafin littafina na wannan wata. Ki kai wa wanda ya kamata, ki ce masa wani tsoho yana gaishe shi, kuma ba a yi ruwa ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ya jiki, ya gwiwa? Kana shan maganin kuwa, ko ka mayar da kwalbar ma'ajiyar ƙusoshi kamar wancan? Tela, tunda kana karantawa, ka duba mini.

Baba, ka san ni a sashen rubuta yarjejeniya nake, masu tauraro suna hawa na shida, ko gaisawa ba ma cika yi ba. Amma na hau, na zauna da wani masanin yanayi, mutumin kirki. Ya ce abin da ka faɗa yana faruwa. Tauraron ba ɗigon ruwa yake gani ba, sanyin saman girgije yake aunawa, daga nan a ƙiyasta ruwan. Akwai kwamitin sauraron ƙorafi, zai zauna nan da kwana goma sha biyu, kuma yana karɓar shaidar tashar ƙasa idan tana cikin jerin tashoshin da aka amince da su.

A nan matsalar take. Na rasa yadda zan faɗa maka, to zan faɗa kawai. Tasharka ba ta cikin jerin. An cire ta shekara shida da suka wuce. Dalilin layi ɗaya ne: hoton da aka ɗauka daga sama ya nuna bishiya kusa da ma'auni fiye da yadda aka yarda. Mangwaron Mama ne, Baba. Kai ka koya mini dokar tun ina riƙe maka kwalbar awo: nisan ma'auni daga kowace bishiya ko gini ya zama aƙalla ninki biyu na tsayinta. Za su ce ganye ne ya tare ruwan.

Na san za ka hau sama, amma ka saurare ni. Kafin a yi wannan tsari, shugabannin ƙasashe ne ke faɗin ko an yi fari. Wani ya ƙirƙiro fari don a aiko da kaya ya karkatar, wani ya ɓoye na gaske don kada a ce ya gaza, mutane suna mutuwa yana cewa lafiya lau. Shi ya sa ƙasashe suka zauna suka ce a bar wa ido ɗaya da ba ya karɓar cin hanci, ba shi da ɗan'uwa, ba ya tsoron kowa. Ƙa'ida ɗaya ga kowa. Mai sito ba mugu ba ne. An hana shi zaɓi ne da gangan, don kada gobe ya buɗe wa surukinsa ya rufe wa wanda ba ya so. Ruwa da yunwa ba su san iyakar ƙasa ba, dole a tafiyar da su tare, ko da babu gwamnatin duniya guda. Abin da na rubuta ke nan a takardar da na aiko maka bara, wadda ka dawo mini da ita da jan biro ka gyara mini waƙafi goma sha ɗaya, ba ka ce uffan a kan abin da ke ciki ba.

Zan shigar da ƙorafin duk da haka. Gobe za mu tafi wani taro na kwana takwas, ba a shiga da waya, amma da na dawo zan bi shi. Kada ka je ko'ina da wannan gwiwar.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara sauƙi.
'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Saura kwana goma sha biyar.

Kin ce kada in je ko'ina. Na je. Na hau motar haya zuwa ofishin yanayi na birni, bene ne mai matakala talatin da biyu, na huta sau uku. Na tarar da wata ma'aikaciya, ta ba ni kujera, ta kawo mini ruwa, ba ni da abin cewa a kan tarbiyyarta. Na faɗi lambar tashata. Ta duba, ta ce babu. Na ce to katunan da nake aikowa fa? Sai ta ce, “Au, kai ne mai ambulan ɗin?”

Suna nan, Auta. Cikin wani kwali a bayan ƙofa, ba a buɗe ko ɗaya ba. Na ƙirga sittin da takwas. Na ce saura huɗu. Ta kalli ƙasa, na bi idonta. An naɗe su an cusa a ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daina rawa.

Na ce, “Wa ya cire ni?”

Ta ce, “Ba mu ba ne, Baba. Daga ofishin yanki jerin yake zuwa.”

“Su suka cire ni?”

“A'a, su ma daga sakatariya ake aiko musu.”

“To sakatariyar.”

“Ita ai ƙa'ida take bi. Ƙasashe ne suka sa hannu.”

“Har da tamu?”

“Har da tamu.”

“To ga ni a ofishin ƙasarmu. Ku gyara.”

Ta ce, “Baba, yarjejeniya ce, ba mu da iko.”

Na ce to ku mene ne aikinku a nan? Ta ce, “Muna karɓar jeri.” Ta ba ni dariya, kuma ban so in yi ba.

Kin yi ƙorafin ban ce komai a kan takardarki ba. Na karanta ta sau biyu, ga amsata yanzu. Kin kawo masu cewa duniya ta dunƙule ta zama ƙauye ɗaya. Ni a ƙauye aka haife ni. A ƙauye idan aka sallami mutum daga aiki, ana tura wani ya je har gida ya faɗa masa. Kin kawo masu cewa manyan ƙasashe ne ke rubuta doka, ƙanana su sa hannu. Da haka ne ma da sauƙi, da na san wanda zan yi fushi da shi. Sannan kin kawo na ukun, waɗanda na ga alama ke ma nasu kike bi, masu cewa ana iya yin mulki ba tare da mai mulki ba, sai ƙa'idoji da kwamitoci da lambobi. To na gan shi jiya da idona. Mulki ne wanda kowa a cikinsa mutumin kirki ne, kowa zai ba ka ruwa ka sha, kuma babu ko ɗaya da za ka riƙe wa riga. An ƙulle sito, ba wanda ya ƙulle. An kore ni, ba wanda ya kore ni.

Kada ki ɗauka ni maƙiyin haɗuwar duniya ne. Na riga ki shiga. Da aka kai mu horo muna samari, malaminmu ya buɗe taswirar duniya cike da ɗige-ɗige, ya ce kowane ɗigo mutum ne da ma'auninsa. Wani a tsibiri, wani a inda ƙanƙara ke zuba, kowa da irin mazurarinmu, da irin kwalbarmu, kowa ya durƙusa ya duba ya rubuta gaskiya, a tara a san halin da sama take ciki. Na fita daga ajin nan ina jin ni ma wani ne a duniya. Ban taɓa ketare iyaka ba, amma shekara arba'in da huɗu ina ji ina da abokan aiki a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. A lokacin duniya tambayarmu take yi. Yanzu leƙo mu take yi ta sama, ta ga bishiya, ta ja layi. Na yarda idonku ba ya karɓar cin hanci. Amma ba shi da kunne, kuma ni na san abin da rashin kunne yake jawowa.

Yanzu maganar mangwaro. Ba zan yi miki ƙarya ba, na sani. Shekarar da kika shiga makaranta mahaifiyarki ta dasa shi. Na ce mata ya yi kusa da ma'auni. Ta ce, “Kafin ya kai tsawonka ka yi ritaya, Malam sarkin doka.” Na yi ritaya, ban daina awo ba, shi kuma bai daina girma ba. Duk shekara ina auna shi da inuwa da sanda. Shekara takwas ke nan da ya ketare iyaka, kuma a shekarar ta rasu. Akwai gurbi a katin da aka tanada don a rubuta irin wannan canji. Na bar shi fari. Yau tsayinsa mita tara, nisansa goma sha ɗaya, ana bukatar goma sha takwas. Babu inda zan matsar da ma'aunin a tsakar gidan nan ya cika, in kuma na fitar da shi waje ya zama sabuwar tasha marar tarihi. Wannan laifina ne, ba na Hukumarku ba. Amma mutum ɗari uku da wani abu ne za su kwana da yunwa a kansa, kuma ba su dasa komai ba.

Tambaya ɗaya: idan babu bishiyar, tashar ta cika ƙa'ida ko ba ta cika ba? Ki amsa da wuri.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Salamu alaikum, ina gaisuwa, ya aiki, ya mutanen gida? Tela ne. Ki yi haƙuri da rubutuna, ni da almakashi na saba. Baba bai san na rubuto ba. Maganin yana sha, na duba, ƙusoshin suna cikin wata kwalbar daban.

Kwana uku yana aiko ni shago in duba ko kin amsa. Na tuna masa kin ce kina taro. Ya ce, “Su taro suke yi, sama ba ta taro.” To shekaranjiya sai ga ruwa, na gaske, har kwata ta cika. Kowa ya yi murna na minti biyar, sannan aka tuna ƙasa ta jiƙu amma ba abin da za a zuba mata. Manoma suka koma bakin sito suka zauna da buhuna. Mai sito yana fitowa yana ba su haƙuri, har ya rame, matarsa ma 'yar manoma ce.

Jiya da safe ina cikin ɗinki sai na ji ƙarar injin yankan itace. Na fito da tef a wuya. Na tarar da Baba ya saka tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda na rage masa sau biyu, ya kifa bokiti a kan ma'auni don kada garin katako ya shiga, yana nuna wa masu sara inda zai faɗi.

Na ce, “Baba, ka jira amsar Auta mana.”

Ya ce, “Na san amsar. Ni na koya mata.”

Na ce to a rage masa tsawo kawai. Ya ce ya yi lissafi, sai an sare fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma baɗi zai sake tohowa ya ketare, shi kuma ba ya da tabbacin baɗi. Na ce marigayiya fa? Ya kalle ni, ya ce, “Kai da ba ka iya sa aljihu daidai ba, kai za ka tuna mini da matata?”

Bai zauna ba har aka gama. Da ya faɗi ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse, gidan ya yi wani irin haske kamar an cire masa hula. Ya karɓi tef ɗina ya auna daga ma'auni zuwa katanga, ya sa na ɗauki hoto ta kusurwa huɗu. Sannan ya shiga ɗaki ya rubuta takarda zuwa ga kwamitinku, ya buga mata tsohon hatimin tasha. Ga su nan na haɗo. Ya ce a gaya musu tasha ta cika ƙa'ida, saura kwana goma sha ɗaya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun jiya bai ci wani abin kirki ba. Matata ta kai masa abinci, ya dawo da kwanon kusan yadda yake. Kujerarsa tana inda take, gefen kututturen. Da rana tsaka na leƙa na gan shi zaune a kai, rana tana dukansa. Na ce ya shiga inuwa. Ya ce, “Wace?”

Shekara huɗu rabonki da gida. Ba ni da hurumin faɗa, amma na faɗa.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki, Tela.

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Gaisuwa mai yawa, da godiyar da ban san yadda zan yi ta ba. Ka gaida matarka. Wannan takardar taka ce kai kaɗai. Kada ka buga ta, kada ka kai masa.

Da na fito daga taron na ga saƙonninku biyu a tare. Na zauna a matakala na yi kuka, mutane suna ratsa ni da kofin shayi. Da na amsa a ranar, da na ce masa kada ya taɓa ta.

Kwamiti ya zauna yau. Na miƙa hotunan. Shugabar ta duba su bai fi daƙiƙa goma ba, ta ce yadda tasha take a yau ba shaida ba ce a kan rana ta goma sha huɗu, domin a ranar bishiyar tana tsaye. Ta ajiye su gefe. Gaskiyarta ce, kuma na ji kamar in kife teburin.

Abin da ya cece mu daban ne. Masanin yanayin nan ya tono tsofaffin katunan Baba, na shekarun da mangwaron yake ƙarami, tashar kuma tana cikin jeri. Ka san akwai wani ɗan gurbi na ƙarin bayani da ba wanda yake cikewa. Baba yana cikewa. Duk ranar da hadari ya taso bai zubar ba, sai ya rubuta: hadari, tsawa, ba ɗigo. An sami irin wannan rana arba'in da bakwai. Aka gwada da abin da tauraro ya ce a waɗannan ranaku, ashe a talatin da tara daga ciki ya rubuta an yi ruwa. Ke nan a garinmu ya daɗe yana wannan kuskure, ba wanda ya duba. Sun amince a buɗe sito.

Saura sa hannun mutum uku a ƙasashe uku, ɗaya yana hutu. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, ko zan kwana a bakin ƙofarsu. Saura kwana shida. Ka gaya wa shugaban manoma su gyara kunyoyin gona su zauna da shiri.

Ga abin da za ka faɗa wa Baba: an karɓi ƙorafi, an mayar da tasharsa cikin jeri, kuma hotunan sun taimaka. Na san na ƙarshen ba gaskiya ba ne. Ka faɗa duk da haka. Na nemi hutu, ina zuwa ƙarshen wata.

Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa. An buɗe sito shekaranjiya, saura kwana uku. Jiya tun da sassafe aka fita shuka, har mai sito na gani da buhu a ka yana taya surukansa. Ko zai kai, Allah ne masani. Yau da ƙarfe bakwai na sami milimita goma sha ɗaya da ɗigo huɗu.

Tela bai iya ƙarya ba. Yana faɗin maganar hotuna yana kallon silin, sai na miƙa hannu, ya ba ni wayar. Kada ki yi fushi da shi, kada kuma ki yi da kanki. Bishiyar ta ketare doka, na sare ta a makare da shekara takwas, wannan tsakanina da mahaifiyarki ne. Abin da ban yafe ba shi ne shekara shida na shiru. Kati ɗaya ya isa, layi biyu. Tunda ke kike rubuta musu yarjejeniya, ki sa wannan a ciki: duk wanda za a cire, a gaya masa, kuma wanda ya gaya masa ya sa sunansa a ƙasa. Waƙafin ki bar mini, zan gyara.

Sun aiko da sabon fom, suna tambayar abin da ya fi kusa da ma'auni da tsayinsa. Na duba tsakar gidan, na rubuta: mai awo, mita ɗaya da rabi da ɗan kai, yana raguwa. Idan na gama dubawa ina ja da baya ninki biyu.

In za ki zo, ki taho da hula mai faɗi. Babu inuwa a gidan.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.